Farar Ƙusar Askar Baba

Litinin, 4 ga wata

Zuwa ga Baffa Mai Gilashi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Ya aiki, ya ƙarfin jiki?

Na san za ka juya takardar nan kana neman mai ita. Ni ce 'yar Mai Aski ta biyu, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Mahaifiyarka da kakata 'ya'yan wa da ƙani ne. In duk wannan bai tuna maka ba, ni ce yarinyar da ta kwance maka hannun gilashi da bakin cokali a wani taron dangi, ka sa mini suna Don-me. Na kira lambarka sau uku, Inna ta ce kunnenka ya daina shiri da waya, in ina da magana in rubuta.

Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki makonni bakwai da suka wuce. A shago abin ya same shi, da hantsi, yana wasa aska a jikin fata. Hannun dama da ƙafar dama ne suka tafi, maganarsa kuma ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu, su ma sai an jira. Amma hankalinsa garau yake, haka ma taurin kansa, wanda ciwon bai taɓa ba ko kaɗan.

Likita ya ce dole ya riƙa takawa kullum, a kuma kai shi motsa jiki asibiti sau biyu a mako, don in watanni ukun farko suka wuce yana kwance, ƙafar ta sandare ke nan. To, Baba ya ƙi fita, kuma gemu ne dalili. Mutumin da bai taɓa kwana biyu da gashi a fuska ba, yanzu furfura ta rufe shi har wuya. In baƙo ya yi sallama sai ya ja bargo har hanci. Na kawo injin aski, ya ture. Na kawo reza 'yar roba, ya dube ni kamar na kawo masa tsintsiya. Yayana ya ɗauko mai aski daga bakin titi, Baba ya kalli yadda yake riƙe tawul kawai ya juya bango. Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa.

Askarsa yake so, mai naɗewar nan mai ƙotar ƙaho. Ni zan yi masa, don ya koya mini tun ina yarinya, a kan balan-balan da aka shafa wa kumfa. Sai dai ranar da ya faɗi ita ma ta faɗi a siminti. Bakinta bai yi komai ba, ƙahon ma lafiya lau, amma ƙusar gaba, wadda askar ke juyawa a kanta, ta karye biyu. Na je wurin mai walda ya ce aikin ya yi masa ƙanƙanta, mai gyaran agogo ya ce ya yi masa girma. An ce mini a dangi kaf kai ne mai hannun ƙananan ƙarafa, kuma ka taɓa zama a shagon Baba.

Tambayata ita ce: da wane irin ƙarfe ake yin wannan ƙusa? Ga kuma wata da ta fi cin raina. Ƙusar baya rawaya ce, amma ta gaban da ta karye fara ce. Don me za a yi wa aska ɗaya ƙusa iri biyu? Na sa maka rabinta a cikin takarda, na manne da salatif, ɗaya rabin yana wurina.

'Yarka,
Don-me

*

Asabar, 9 ga wata

'Yata Don-me,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso hannun direban motar kaya, muna lafiya, sai gwiwar Innarki da ke sanar da mu ruwan sama kafin rediyo. Labarin Yaya mahaifinki ya taɓa ni ƙwarai. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ban manta ki ba. Wa zai manta wadda ta mayar da shi mai ido ɗaya a tsakiyar taro?

Bari in ba ki karatun, tunda yau malama ce a benci. Ƙusar aska ba ƙusar katako ba ce. Ɗan guntun sandar ƙarfe ne, kaurinsa kamar ashana da aka fere, ana zura shi ta ƙaho, ya ratsa wutsiyar aska, ya fita ta ɗaya ƙahon. Sai a sa 'yar zobe a kowane gefe, a yi ta bubbuga kan da ƙaramar guduma har ya baje ya riƙe. Asirin duka ɗaya ne: ƙusa ta fi ƙaho sauƙin kai. In aka yi gardama tsakanin su biyun, ƙusar ake so ta sallama, don ita ana samun wata, ƙaho kuwa in ya tafi ya tafi.

Saboda haka baƙin ƙarfe, a'a. Kullum aska cikin ruwa da sabulu take, zai yi tsatsa ya kumbura a rami ya ci wutsiyar. Ƙarfen cokali, wanda ba ya tsatsa, kyakkyawa ne amma ɗan taurin kai, irin Yaya. Kafin ya yarda ya baje sai an yi masa dukan da ƙaho ba zai ɗauka ba. Jan ƙarfe ya cika laushi, lanƙwashewa yake a ciki, askar ta riƙa rufewa a karkace tana cizon ƙota, ga shi da tofar da kore. Alminiyam kuwa kada ki ko gaishe shi, wata uku ya cinye.

Tagulla ita ce 'yar halak. Tana jin guduma, ba ta tsatsa, ta tsufa da mutuncinta. Na sa miki sanda mai tsawon yatsa da zobba takwas, don na san biyu za su gudu ƙarƙashin gado. Ki yanka ta yadda abin da zai leƙo a kowane gefe bai wuce kaurin farce biyu ba, ki goge bakin da magagari ya kwanta. Ki ɗora a kan wani ƙarfe mai nauyi, ko bayan tsohon dutsen guga. Dukan kuwa, ki fara gwada shi a kan farcen babban yatsanki: in ya yi miki zafi, ya yi wa ƙaho yawa. Ɗari ƙanana sun fi goma manya. Ki riƙa juyawa, kina buɗe askar kina rufewa, har ta tsaya da kanta a inda kika bar ta. Amma ki fara koyo a kan katakon rula biyu kafin ki taɓa ta Yaya.

Ki gaishe shi. Ko kuwa bari, kada ki dame shi da sunana yanzu, ya ji da jikinsa.

Baffanki

*

Alhamis, 14 ga wata

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri, a duba mini gwiwar Inna. Mu nan da sauƙi, Baba yana cin abinci, amma har yau ƙofar ɗaki ita ce iyakar ƙasarsa.

Na gode da karatu. Na lalata rula uku, zobba biyu sun gudu kamar yadda ka yi duba, a ta huɗu na samu kai mai kyau, zagayayye kamar ƙwayar gero. Na ɗauki tagullar da murnata na kai wa Baba, na nuna masa yadda za ta shiga. Ya karɓa da hagu, ya kai ta kusa da ido, ya ajiye mini a cinya. Sai ya nuna gwangwanin da na adana rabin tsohuwar ƙusar, ya ce, “Fara.” Na ce, “Baba, tagulla ta fi, wanda ya sani ne ya faɗa.” Ya sake cewa, “Fara,” ya rufe ido. An gama zama.

To, tunda ba ka ce komai a kanta ba, na kai ta ɗakin gwajin makaranta. Maganaɗisu bai kama ta ba, ke nan ba baƙin ƙarfe ba ce. Na ɗauka azurfa ce, har na fara saƙa labari a raina cewa ɗan kunnen marigayiya Umma ne, na kusa yin kuka a gaban ɗalibai. Na kwantar da ita cikin gwaiduwar dafaffen ƙwai tare da wani tsohon zoben azurfa. Zoben ya yi baƙi, ita ko a jikinta. Na goga mata magagari, ta ci da sauƙi, ba kamar cokali ba, kuma inda na goga farin yana da ɗan ruwan rawaya can ciki. Ta fi alminiyam nauyi nesa ba kusa ba. Malamar lissafi ta ce in na ci gaba haka sai ƙusar ta ƙare ban san sunanta ba.

Akwai wani abu kuma. Da na duba ta da madubin ƙara girma, kanta ba zagayayye ba ne kamar na rawayar. Ya kwanta gefe guda, kamar hular da iska ta tura. Wanda ya yi ta bai kai mai rawayar gwaninta ba, ko kuwa sauri yake yi. Amma ta riƙe shekara da shekaru, don tun ina yarinya nake ganin farin ɗigon nan a hannun Baba.

Baffa, ka ga rabin da na aiko ko ya faɗi a hanya? Wane ƙarfe ne, kuma ina ake samunsa? Matambayi dai ba ya ɓata. Makonni tara ke nan, kwanakin da likita ya ba mu suna ta zuba.

'Yarka,
Don-me

*

Laraba, 27 ga wata

'Yata,

Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Na ga saƙonki, aiki ne ya yi yawa.

Shawarata ki naɗe askar nan ki ajiye. Ta yi zamaninta. Ba kowane abin da ya karye ake tonawa ba, wani in aka matsa masa sai a ƙara ɓarna. A nema masa sabuwa, zai saba.

Allah ya ƙara sauƙi.

Baffanki

*

Asabar, 30 ga wata

Baffa,

Ina gaisuwa. Takardarka ta zo jiya bayan na gama leƙen tasha har direban ya fara tausaya mini. Kwana goma sha biyar na jira, na samu layi huɗu.

Zan faɗa maka gaskiya, ta yi mini ciwo. Na karanta ta sau uku, kuma duk karantawa ba aska nake ji kana cewa a naɗe a ajiye ba, Baba nake ji. Haka maƙwabta suke cewa, “A bar tsoho ya huta, ya yi zamaninsa.” Daga gare su ban damu ba. Amma kai da ka cika mini shafi biyu a kan halin tagulla, har da wasa da dariya, ban zaci za ka rufe mini ƙofa don na tambayi sunan ƙarfe ba. In wani abu na rubuta da ya ɓata maka, ka yafe mini, yarinta ce.

Kuma ko da ta zo, aikin gama ya gama. Da na ga shiru, na je wurin mai gyaran keke ya ba ni sifok, wato wayar ƙafar keke, fari tas, kaurinsa daidai. Na san ka hana ƙarfen cokali, na kuma san danginsa ne, amma na ce fari Baba yake so. Na yi ta bugu ƙanana, ɗari, ɗari biyu, kan bai ko motsa ba. Raina ya ɓaci, na ƙara hannu. Ban ji ƙara ba ma, sai dai na ga wani siririn layi ya tashi daga ramin ya nufi tsakiyar ƙahon, tsawonsa kamar farcen ƙaramin yatsa.

Na so in ɓoye, amma a ɗakinsa nake aikin, yana kallona. Ya miƙo hannu na ba shi. Ya shafa tsagar da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya mayar mini a hankali ba tare da ya dube ni ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini. Tun ranar ko zaman bakin gado da yake yi da safe ya daina, kuma jiya da na ɗaga ƙafar in motsa masa, na ji ta fara ƙin lanƙwasuwa.

Na zare sifok ɗin, na naɗe askar a tawul kamar yadda ka ce. Ba na neman komai, na dai ga ya kamata ka sani.

'Yar Mai Aski

*

Talata, 3 ga sabon wata

'Yata Don-me,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya, wannan karon da sunana. Ba ki yi mini laifi ba. Tsagar nan ma ba taki ba ce, tawa ce, ni na yi ta da shiruna. Kuma wallahi ba Yaya nake nufi ba, kaina nake karewa. Innarki ta karanta takardarki ta ajiye mini a kan tebur, ta ce, “Tsoho da kai, yarinya ta fi ka ƙarfin hali.” Rana dubu ta ɓarawo.

Rabin ƙusar bai faɗi a hanya ba. Tun da na ɓare salatif na gane ta. Farin ƙarfe ne, haɗin jan ƙarfe da tutiya da nikel, shi ya sa kika ga rawaya a cikinsa. Yana jin guduma kusan kamar tagulla, ba ya tsatsa, ba ya baƙi. Da shi ake yin firam ɗin gilashi a da. Wannan kuwa daga hannun gilashina aka yanke ta, kuma ni na yanka.

Ina da shekara ashirin aka kai ni wurin Yaya koyon aski. Ya lura ina kai fuskata har kan wuyan mutane kafin in ga gashi, sai ya ja ni wurin mai duba ido ya sa aka yi mini gilashi. Ranar na fara sanin cewa bishiya ganye ɗai-ɗai gare ta. Doka ɗaya ce a shagon: kowace aska in taɓa, ban da mai ƙaho. Wata rana ya tafi ɗaurin auren abokinsa, na ɗauke ta ina gwada juyin da yake yi da ita a yatsu. Ta suɓuce, ƙusar gaba ta tsinke. Na birkice shagon ban samu abin da ya yi kaurinta ba, sai da na cire gilashin in share gumi, na ga hannunsa. Na yanke shi da filaya, na buga shi a kan bakin taga, ina gani dishi-dishi, na mayar da ita cikin aljihun tebur.

Washegari ya buɗe ta ya yi aski da ita kamar kullum. Sai ya tambaye ni ina gilashina. Na ce ya faɗi a mota. Ya dube ni ya ce, “Ka tabbata?” Na ce na tabbata. Kwana uku yana maimaita tambayar, ina maimaita amsar. A na huɗu ya ce, “Wanda ba zai iya riƙe idonsa ba, ba zan ba shi wuyan mutane ba.” Na ji kunya ta hana ni zama, na tattara kayana. Na shiga wani shago a gyara mini hannun gilashin, mai shagon ya ga yadda nake kallon yatsunsa ya ce in zauna, zaman da har yau ban tashi ba. Shekara arba'in da ɗaya muna haɗuwa a taron dangi, mu gaisa kamar maƙwabtan nesa. Bai san abin da na yi wa askarsa ba, ya dai san na zubar da kyautarsa.

Duk da haka ban taɓa gyara gilashin ba, yana cikin akwatina da hannu ɗaya. Yau na yanke ɗayan, ga shi nan na miƙar, na goge, na toya shi a wuta don ya yi laushi. Tsagar kuwa ba ta kashe ƙaho ba. Ki huda ɗan rami da allura mai zafi daidai inda ta tsaya, don kada ta ci gaba, ki ɗura gam mai ruwa, ki ɗaure da zare ya kwana biyu. Na sa zobba masu faɗi da za su rufe bakinta.

Ko ki gaya masa ko ki bari, na bar miki. Aski ya zo gaban goshi, ni dai na sunkuyar da kai.

Baffanki

*

Lahadi, 8 ga wata

Baffana,

Gaisuwa mai tarin yawa, kai da Inna, a ce mata na gode. Ka yafe mini fassarar da na yi wa takardarka. Zauna sosai kafin ka karanta wannan.

Na yi wa tsagar yadda ka ce, ta kama. Jiya da safe na shimfiɗa tawul a kan gadon Baba, na ɗora dutsen guga, na fito da farin ƙarfen. Ban gaya masa inda ya fito ba tukuna. Ya karɓa, ya juya shi a haske, ya ga ɗan lanƙwasan da bai gama miƙewa ba, inda yake hawa kunne. Sai ya ce, “Bahago.”

Na ce, “Wa?” Ya nuna takardarka da ke leƙowa daga jakata. Baffa, ban taɓa sanin kai bahago ne ba, ba wanda ya gaya mini haka yake kiranka. Na zauna na karanta masa ita daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin da ka ce bai san abin da ka yi wa askarsa ba, sai ya yi wani sauti da na ɗauka sarƙewa ce, na tashi neman ruwa. Ashe dariya ce, ta farko tun da ya kwanta.

Ya sa na ɗauko tsohon rabin ƙusar. Ya ɗora yatsa a kan nan da ya kwanta gefe, ya ɗaga hannun hagu ya yi alamar bugu, ya nuna mini yadda dukan yake zuwa a karkace. Na ce, “Baba, ka sani?” Ya ce, “Tun ranar.” Na ce, “To, don me ba ka faɗa ba?” Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, na ƙi taya shi, har kalmar ta fito. Ya ce, “Jira.” Na ce, “Don me kuma ba ka canza ta ba, kai da tagulla ba ta yanke maka a shago?” Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Ta riƙe.”

Na zura ƙusar, na sa zobba, na yi gefe ɗaya, ɗari ƙanana, ya fito zagayayye har na ji alfahari. Da na juya ɗaya gefen sai ya riƙe mini hannu, ya zare gudumar. Na riƙe masa askar a kan dutsen guga, shi kuma ya yi bugun da hagu, hannun da ya rage masa. Rabin dukan a kan yatsuna ya sauka. Da ya gama na duba, kan ya kwanta gefe guda, sak irin naka. Ya kalle shi, ya kalli hannunsa, ya ce, “Biyu.” Wato yanzu bahagwai biyu ne a dangi.

Sai ya ɗaga haɓa ya nuna mini kwanon kumfa. Na wasa ta a fata, na yi masa aski, yana gyara mini riƙo da ido. Na yanke shi sau ɗaya a ƙarƙashin kunne, ya yi tsaki irin na da. Da na goge masa fuska ya karɓi madubi ya duba dama da hagu, sannan ya nuna sandar da ta yi wata biyu a jingine a bayan ƙofa.

Taku goma sha ɗaya ne daga gadonsa zuwa ƙofar gida, na ƙirga, kuma mun yi kusan rabin awa. Ƙafar tana ja, amma tana zuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa, mai shagon da ke kallonmu ya taso da gudu yana gaishe shi, Baba bai nemi bargo ba. Jibi za mu asibiti.

Na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya shafa ƙeyarsa, inda na bar gashi don tsoron lanƙwasar wurin, ya girgiza kai, ya nuna ni ya ce, “Ba ta iya ba.” Sannan ya nuna takardarka, ya sake shafa ƙeyar. Na ce, “Baba, wuyanka fa za ka ba shi.” Ya ce, “Na sani.”

'Yarka,
Don-me

*

Laraba, 11 ga wata

'Yata,

Muna lafiya. Na karanta, na sake karantawa, Innarki ta ce in daina jiƙa takardar mutane.

Zan shigo motar Juma'a ta safe. Ki gaya wa Yaya shekara arba'in da ɗaya ban riƙe aska ba, ya shirya tsakinsa. Zan zo da gilashin, ko da yake yanzu ba shi da hannu ko ɗaya. In ya sake tambayata inda yake, ina so amsar ta kasance a tafin hannuna.

Bahago